Maganin ciyawa a garaken mangwaro: a ɗan dakata kafin a fesa daga shinge zuwa shinge

Wannan rubutun na mutanenmu ne na Darini da Ruma da Wagini da Runka, da duk wani mai garkar mangwaro ko kashu ko gwaiba a ƙasar Batsari da Safana. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Na san abokaina na nan sun fi son in taɓo siyasa. To yau ciyawa zan taɓo, kuma a ganina nan da shekara goma maganar za ta fi shafar aljihun mutanenmu fiye da wanda ya ci kujerar kansila.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan ya san yadda ake riƙe garka a da. Ruwa na sauka sai a shuka wake ko gyaɗa a tsakanin itatuwa, wani ya sa rogo ko dankali. Noman da za a yi wa waken, firi da maimai, shi ne noman garkar. Gindin kowane dashe a kewaye shi da fartanya, a yi masa ɗan gurbi ya riƙe ruwa. Ciyawar da ta yi saura a bakin shinge yara su yanko wa tumaki. In aiki ya yi yawa a kira gayya, a dama fura, kafin azahar an gama. Yanzu kuwa abin da za ka fi gani a farkon damina shi ne saurayi goye da injin feshi, yana tafiya yana buga hannun famfo. Bayan 'yan kwanaki garkar ta koma ja kamar wuta ta bi ta, itatuwa kawai ke tsaye a kan ƙasa tsirara.

Ban zo in zagi kowa ba a kan yadda aka kai nan. Ba mu manta da 'Yar Gamji ba, a watan Mayun 2019, lokacin da aka kashe manoma a gonakinsu har aka kwaso gawarwakin zuwa Katsina don hukuma ta gani da idonta. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar ba a Fabrairun 2020. Mutumin da garkarsa ke kusa da Dajin Rugu ba zai yi kwana uku a duƙe yana noma ba, ya ba daji baya, bai san wa ke tahowa ba. Aikin da fartanya za ta ci kwana uku tana yi, mai feshi zai gama shi kafin rana ta yi zafi ya koma gida. Garake da yawa da suka tsira a shekarun nan, feshin nan ne ya tserar da su, kuma wa ya san rayuka nawa ya tserar tare da su. Sannan ga rashin hannu. Samarin da za su yi gayya wasu suna Abuja da Legas suna acaɓa, wasu suna ramin zinare. Ɗan ƙwadago in ka same shi, ga kuɗinsa ga abincinsa, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. Shi ma maganin ya yi tsada, tunda daga waje ake shigo da sinadarinsa kuma naira ta faɗi, amma duk da haka in manomi ya yi lissafi sai ya ga roba biyu ta fi mutum biyar sauƙi. Lissafinsa na wannan daminar daidai ne.

Abin da ya sa nake maganar yanzu shi ne, tun bayan sulhun da aka yi a Batsari da Safana a 2025, mutane sun fara leƙa garaken da suka bari shekara da shekaru. Suna tarar da tofa da kiri-kiri sun cinye wuri, wasu itatuwan sun mutu, ana shirin sabon dashe. Shawarar farko da kowa ke bayarwa ita ce a sayo katan guda a wanke wurin tas. Daidai nan ne nake cewa a dakata.

Garka ba gonar masara ba ce. Masara wata uku zuwa huɗu take yi, in ka yi kuskure bana ka gyara baɗi. Mangwaro mai aure kuwa sai ya yi shekara uku zuwa biyar kafin ka ga abin kirki, kuma itacen da ka dasa yau jikokinka za su iya sha. Dabarar da aka kawo mana don gonar hatsi, mun ɗauke ta ɗungurungum mun shiga da ita garka, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko ta dace.

Bari in ɗan yi bayanin magungunan, don da yawa daga cikin masu saye launin roba suka sani da sunan da mai shago ya faɗa musu. Akwai mai ƙone ciyawa nan take, yau ka fesa gobe ta yi ja. In ka duba jikin robar, ƙarƙashin babban sunan kamfani, za ka ga an rubuta Paraquat da ƙananan baƙaƙe. Wannan abin da ya taɓa kawai yake ƙonewa, ba ya bin saiwa, shi ya sa tofa da kiri-kiri da aya-aya ke sake tohowa bayan mako biyu ko uku. Akwai mai aiki a hankali, wanda sai bayan mako guda zuwa biyu za ka ga ciyawa ta yi ɗorawa ta bushe. Shi ne ake rubuta Glyphosate a jikinsa. Ta ganye yake shiga ya bi jikin tsiro har saiwa. Sai 2,4-D na masu faɗin ganye, wanda aka fi sani a gonar shinkafa da masara, da kuma Atrazine da ake zuba wa ƙasa don hana ciyawa fitowa a gonar masara da dawa.

Shi gilaifoset bai san ciyawa ba, bai san mangwaro ba. Kore ya sani. Tsohon itace mai kaurin ɓawo, in ya ɗan fantsama a gindinsa ba zai ji ba. Amma dashen shekara ɗaya ko biyu, jikinsa kore ne shar, maganin zai shiga ta ɓawon kamar yadda yake shiga ganyen ciyawa. Haka tohon da ke fitowa a gindin gwaiba ko lemo, in aka fesa masa zai kai maganin cikin uwar. Abin da ke rikita mutane shi ne ba lallai itacen ya mutu a take ba. Sai bayan watanni ka ga sabon ganye yana fitowa ƙanana sirara, a cure wuri ɗaya, launinsa ya kwaɗe, itacen ya tsaya cak ba ya gaba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya sayo dashen Binta Suga da Fafaranda da kuɗin ragonsa, ya jera su gwanin sha'awa, ya sa wani yaro ya yi masa feshi da yamma ana iska. Da ganyen ya fara murɗewa sai ya ce mai dashen ne ya cuce shi da mugun iri. Daga baya aka ce gara ce. Har aka kai ga maganar sammu. Na tambaye shi ranar da aka yi feshin da yadda iska take, ya ce ai ciyawa aka fesa wa, ba itace ba. Baba, na ce masa, iskar ba ta san da wannan yarjejeniyar ba. Shi kuwa 2,4-D ya fi haka rashin kunya, don wani nau'insa in rana ta yi zafi yana tashi kamar tururi ya tsallaka shinge. Mai tumatir ko kuɓewa ko auduga a maƙwabta sai ya wayi gari ya ga ganye ya nannaɗe, bai san daga ina ba.

Wani abin da ba a faɗa wa manomi a shago: gilaifoset ba ya shiri da ruwa mai laka. Yana manne wa ƙurar yumɓun da ke cikin ruwan ya rasa ƙarfinsa. Mu kuwa da me ake haɗa feshi a garka? Ruwan kududdufi ko na gulbi da ya yi jawur bayan ruwan sama. Sai a fesa ciyawa ta ƙi mutuwa, a ce maganin jabu ne. Jabun akwai shi, ban musa ba. Amma sau da yawa ruwan ne. Maimakon a nemi ruwa mai kyau, sai a ƙara awo. Gwangwanin madara ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, wani ma ya haɗa kala biyu a tanki guda wai don ya fi ƙarfi. In ka haɗa mai ƙonawa da mai bin saiwa, na farkon zai ƙone ganyen kafin na biyun ya samu hanyar sauka ƙasa. Ka biya kuɗin magani biyu ka samu aikin ɗaya.

Ƙarin awon nan yana kai mu wani wuri da wasu suka riga mu zuwa. Kamfanin Monsanto ya fito da gilaifoset a 1974 da sunan Roundup, aka yi shekara 20 ana ganin babu ciyawar da za ta gagare shi. Cikin wuraren farko da aka ga ya gaza, a tsakiyar shekarun 1990, har da wata gonar itatuwan marmari a Ostareliya, inda aka yi shekara 15 ana fesa shi sau biyu zuwa uku duk shekara. Ba a daɗe ba aka ga haka a gonakin itatuwan marmari na Malesiya, kuma ciyawar da ta gagara a can ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tuji ce. Tujin nan dai da ke bakin hanya da gindin rijiya. Ba mamaki abin ya bayyana a garka da wuri. A gonar hatsi ana huɗa, ana noma, ana canza shuka, ciyawar da ta tsallake magani garma za ta kashe ta. A garkar da aka daina noma, magani ɗaya ne a wuri ɗaya duk shekara. In cikin tsiro dubu akwai guda ɗaya da Allah ya yi shi da juriya, shi kaɗai zai zuba iri, kuma an share masa fili babu abokin takara. Bayan 'yan shekaru garkar ta zama ta zuriyarsa.

Amma babbar damuwata ƙasar ce. Ƙasarmu ta nan yawanci jigawa ce, yashi ne, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Abin da ke ɗan ɗaure ta shi ne saiwoyin ciyawa da ganyen da ke ruɓewa a kanta. Ruwan farkon damina a yankinmu kowa ya san yadda yake zuwa, da iska da ƙarfi. In ya sauka a kan ƙasa tsirara, saman da ya fi albarka shi yake fara kwashewa ya kai gulbi, ya bar maka saiwoyin mangwaro a fili. Ku duba garaken da aka yi shekara huɗu ko biyar ana wanke su da magani, ku ga 'yan hanyoyin ruwan da suka fara tsagawa a tsakiyarsu. Haka kwazazzabo ke farawa. In bazara ta zo kuma, watan Maris da Afrilu, lokacin da 'ya'yan mangwaro ke cika, ƙasar da babu abin da ya rufe ta ko ƙafa ba ta takuwa da rana. Saiwoyin da mangwaro ke cin abinci da su ba can ƙasa suke ba, a sama-sama suke, cikin wannan yashin mai zafi. Mai garka yana ganin wurinsa fes yana jin daɗi, baƙo ya zo ya yaba da tsafta, itacen kuwa shi ya san abin da yake ji. Atirazin kuma a irin wannan yashin saukowa yake yi da ruwa. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004 ke nan, saboda ana samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Garakenmu da yawa a bakin fadama suke, da 'yar rijiya gajeriya a tsakiya, wadda ake ban ruwa da ita kuma ake sha.

Sannan wa ya ce duk abin da ya fito a garka ba tare da an shuka shi ba ciyawa ce? Mu maza masu lissafin roba da ƙwadago muna mantawa da wannan. Tsakanin saukar ruwa da fitowar sabon gero, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gidaje nawa ne tafasa da yaɗiya da lalo da rukuɓu ke riƙewa? Mata da yara ke tsinko su, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a yi miya, wata ta kai talla ta samu na sabulu. A shekarun da aka kasa zuwa gona mai nisa, garaken bakin gari su ne wurin tsinkar. Mai feshi ba ya kafa alama. Yarinya za ta shiga da safe ta tsinki ganyen da aka yi wa gilaifoset jiya, yana nan kore shar don bai fara nuna alama ba. Haka yaron da ke yanko wa rago harƙiya. Tunda satar dabbobi ta sa kowa ya ɗaure nasa a gida, ciyawa ta zama kuɗi. Ku je kasuwa da rani ku tambayi damin harawa ko buhun busasshiyar ciyawa. Muna biyan kuɗi mu ƙone abin da za mu zo muna saye da tsada bayan wata biyar. Kuma yanzu da ake lallaɓa zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, dabba ta shiga wurin da aka yi sabon feshi ta kwanta ciwo, kun san irin maganar da za ta biyo baya.

Sai yaran da ke goya injin. Wannan ya fi ci mini rai. Silifa a ƙafa ko ma babu, wando a naɗe, tankin yana yoyo a gadon baya, riga ta jiƙe. In bakin famfon ya toshe, a cire a sa a baki a busa. A tsaya a ci goro ko a sha fura ba a wanke hannu ba. Robar da ta ƙare a ɗauraye a zuba manja ko ruwan sha. Farakwat, wanda aka fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone, yana cikin magungunan gona mafi haɗari a duniya. Kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, kuma har yau babu makarinsa a kowane asibiti. Mutum zai iya ganin kamar ya warware, bayan kwanaki huhu ya lalace. Yana shiga ta ciwo ko ƙujewar fata, kuma bincike da dama sun danganta daɗewa ana mu'amala da shi da ciwon karkarwar jiki na Fakinsin. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Ƙasar Sin, wadda ke cikin manyan masu sarrafa shi, ta hana sayar da na ruwan a cikin gidanta tun 2016. A nan gida, NAFDAC ta sanar a 2023 cewa haramcin farakwat zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, na atirazin kuma 1 ga Janairun 2025. Manoma nawa ne a Darini suka taɓa jin wannan sanarwar? Duk mai roba a ɗaki ya ɗauko ya karanta ƙananan baƙaƙen, ko ya ba ɗan makaranta ya karanta masa.

Shi gilaifoset bai kai wannan haɗari ba, kuma gaskiya masana ba su haɗu a kansa ba. A watan Maris na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake da ƙarfin zaton suna jawo cutar. Hukumomin Amurka da na Turai suka ce su ba su ga haka ba in an bi ƙa'ida, har Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a ƙarshen 2023. Kamfanin Bayer, da ya sayi Monsanto a 2018, ya yarda a 2020 zai biya sama da dala biliyan 10 don sasanta ƙararrakin da aka kai shi a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Ni ba likita ba ne, ba zan raba musu gardama ba. Abin lura kawai, masu cewa ba shi da illa sun ce in an bi ƙa'ida, wato da safar hannu da takalmin roba da riga mai dogon hannu da awo daidai. Ba yaronmu mai silifa suke nufi ba.

Wani zai ce to Malam, kana zaune a ofis a Katsina ƙarƙashin fanka, kana so mu koma fartanya ke nan? A'a. Ita ma fartanyar tana da nata laifin, balle garmar shanu. Huɗa mai zurfi a ƙarƙashin inuwar mangwaro tana datse saiwoyin nan na sama da na ambata. Kuma barin ciyawa haka kawai ba dabara ba ce. Dashe ƙarami in tofa ta rufe shi ba zai yi komai ba, za ta shanye ruwan ta cinye takin. In kaka ta wuce ciyawa ta bushe, hunturu ya shigo daidai lokacin da mangwaro ke fure, guntun taba ɗaya ko masu farautar ɓera sun isa su ƙone wahalar shekara goma. Ga macizai. Kula da ciyawa dole ne. Gardamata a kan wanke wuri tas ce, wadda aka mayar ita ce kula.

Masu manyan garaken tufa da inabi a Turai da Amurka, waɗanda suka riga mu fara feshin nan da shekaru masu yawa, ba haka suke yi ba. Mafi yawansu ɗan siririn layin da itatuwa ke kai suke fesawa, tsakiya kuwa su bar ciyawa suna yanke ta. Yanzu ma da yawa suna rage feshin layin, suna rufe gindin itace da ciyayi, wasu suna sakin tumaki su yi kiwo a tsakani. Abin dariya, abin da suke komawa yana kama da abin da iyayenmu ke yi kafin mu waye.

Ga yadda nake ganin za mu iya, da ƙarfinmu da halin da muke ciki. Dashen da bai kai shekara uku ba, kada magani ya matso shi. Taku ɗaya zuwa biyu kewaye da gindinsa a yi da hannu, sama-sama, aikin 'yan mintoci ne ga kowane itace. Ciyawar da aka cire a shimfiɗa ta a wurin, a ƙara da ɓawon gyaɗa ko karan da ya ruɓe in akwai, ta riƙe laima ta hana wata fitowa. Na san za a ce gara. Gaskiya ne, shi ya sa ake barin tazarar tafin hannu ko biyu tsakanin shimfiɗar da jikin itacen, kada ta taɓa shi. Tsakanin layuka a mayar da wake mai yaɗo, ko gyaɗa, ko dankali, ko kabewa. Suna rufe ƙasa ciyawa ta rasa rana, wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga harawa ta sayarwa, kuma ba su da tsayin da zai ɓoye mutum, wanda a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar garkar da rassa suka haɗe kuwa, inuwa ta riga ta yi maka rabin aikin, feshi a can ɓarnar kuɗi ce.

Inda magani ke da amfani na gaske shi ne tofa da kiri-kiri da suka kafu, waɗanda in ka sare su da fartanya kamar ka dasa su ne. Nan gilaifoset ya fi komai. Amma a bi su gungu-gungu inda suke, lokacin da suke kore suna girma, da sassafe kafin iska ta tashi, da ruwa mai kyau, da awon da aka rubuta. A sare tohon gindin itace tukuna. In akwai dashe kusa a kifa masa bokiti ko a rufe shi da buhu har feshin ya bushe. A ɗaura jan ƙyalle a bakin garka, a gaya wa mata da yara da masu kiwo cewa an yi feshi. Wanda har yanzu garkarsa ke wurin da ba a iya daɗewa, ban ce ya sa ransa a haɗari don ciyawa ba. Ya fesa layin itatuwan manya ya bar tsakiya, in ya samu sarari ya yanke sau ɗaya kafin ta bushe, ya share gefen shinge saboda gobara.

Akwai abin da ya fi ƙarfin manomi shi kaɗai. Bayanin da ke jikin robobin nan da Turanci yake, da baƙaƙen da ni mai tabarau ma sai na matso da su. Me zai hana a tilasta rubuta shi da Hausa, har da ajami? Mai shagon magani shi ne malamin gonan da manomi ya fi gani, to a tara su a koya musu, a kuma sanar da su abin da aka haramta. Ina roƙon KTARDA da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su shigar da masu garka cikin lissafi, don in ana maganar noma taki da masara kawai ake nufi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana da tsangayar aikin gona, ga ta nan a maƙwabtan Safana. Garka ɗaya ta gwaji a Runka, ɗaya a Batsari, a raba ta biyu, rabi a wanke da magani rabi a yi mata shimfiɗa da wake, a bar mutane su zo su gani da idonsu shekara uku. Manominmu ba ya jin lacca, amma in ya ga mangwaron maƙwabcinsa ya fi nasa cika ba sai an kira shi ba. Kuma in za a raba wa matasa kayan sana'a, maimakon injin feshi kullum, a gwada ɗan injin yankan ciyawa na ratayawa. Yaron da ke karɓar kuɗin feshi zai karɓi kuɗin yanka, ya kuma tafi da ciyawar ya sayar. Man fetur zai ci, na sani, a yi lissafin a gani.

Tambaya ɗaya nake so masu garka su amsa mini, musamman waɗanda suka haura shekara biyar suna fesa gilaifoset a wuri ɗaya. Tujin da ke garkarku, awon da ke kashe shi a da yana kashe shi yanzu? In kun lura sai kun ƙara gwangwani, ku faɗa mini garin da shekarun da kuka yi kuna feshin, da irin ruwan da kuke haɗawa da shi. In amsoshin sun taru zan kai su Dutsin-ma da kaina.